Daga Yarda Aka Samo Yarjejeniya: Tunatarwa ga 'Yan'uwa Muridai

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin da ba Ya saɓa alkawari. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W), wanda mutanen Makka suke kira Amintacce tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani da Sahibul Faila Shehu Ibrahim Inyass, Ya saka wa muƙaddamanmu da mafificin alheri.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, akwai kalmar da kullum take bakinmu, muna jin ta a rediyo, muna ganin ta a takardun gona da na haya, ana faɗar ta a gaban mai gari da gaban alƙali, amma ba kasafai muke tsayawa mu tambayi inda ta fito ba. Kalmar ita ce yarjejeniya. Ni ƙaramin almajiri ne, ban kai in yi wa manya wa'azi ba. Abin da na tattara daga karatun zaure da na jami'a ne nake son in ajiye a gaban 'yan'uwa, domin asalin wannan kalma yana ɗauke da darasin da ya shafi gonarmu da kasuwarmu da aurenmu, ya kuma shafi wuridin da muka karɓa.

Asalin kalmar

Yarjejeniya daga yarda ta fito. Yarda kuwa baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida. Daga Larabci take, daga tushen da ya ba da kalmar rida, kuma siffar da Hausa ta ɗauka ita ce wadda Balarabe yake amfani da ita in zai ce wani yana yarda. Maƙwabtanmu Zabarmawa da Fulani su ma suna da ita a harsunansu da ɗan bambancin lafazi, kuma a nan yammacin ƙasar Hausa za ka ji mutane da yawa suna cewa "na yadda".

Akwai abin lura a nan ga wanda ya yi karatun allo. Harafin da yake tsakiyar wannan tushe shi ne wanda malamanmu suke kira lodi, kuma a yawancin kalmomin da suka shigo ta hanyar karatu ya koma "l" a bakin Bahaushe. Shi ya sa muke cewa alƙali da alwala da farilla da lalura, shi ya sa kuma za ka ji dattawa suna cewa "raliyallahu anhu". Amma a yarda ya zauna a matsayin "d". Wannan alama ce cewa kalmar ta biyo wata hanya dabam, hanyar baki da baki, ta fatake da maƙwabta, inda mutum biyu suke zaune suna ciniki har ɗaya ya sallama.

Daga yarda sai Hausa ta yi nata ginin. In "d" ta zo gaban wasalin "e" takan koma "j", kamar yadda gudu yake ba da guje, gado ya ba da gaje. Haka yarda ta ba da yarje, a ce "ya yarje masa". Sannan akwai wani ƙira da Hausa take yi in aiki na tsakanin mutum biyu ne ko fiye, kowa yana yi wa ɗan'uwansa: tura ta ba da turereniya, riga ta ba da rigegeniya. A kan wannan ƙira aka gina yarjejeniya, wato na yarje maka, ka yarje mini. Mutum ɗaya ba ya turereniya shi kaɗai, haka nan ba ya yarjejeniya shi kaɗai.

Abin sha'awa shi ne Larabci ma haka ya yi. Daga wannan tushe ɗaya ya fitar da kalmar taradi, wadda take nufin yardar juna, kuma ita ce ta zo a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, inda Allah Ya hana muminai cin dukiyar junansu ta hanyar ɓarna, Ya halatta musu kasuwancin da aka yi bisa yardar ɓangarorin biyu. Ke nan duk lokacin da Bahaushe ya ce yarjejeniya, ya fassara sharaɗin da Alƙur'ani ya gindaya wa ciniki, ko ya sani ko bai sani ba.

Tana da 'yan'uwa a harshenmu, kowace da fuskar da take kallo. Alkawari, ko alkawali kamar yadda muke faɗa a nan, daga kalmar Larabci mai nufin magana ya fito, domin mutum da maganarsa ake kama shi. Malaman fiƙihu suna cewa aƙadi, wanda asalinsa ƙulli ne, kuma Hausa ta bi wannan hoto: ana ƙulla ciniki, ana ɗaura aure, ana warware abin da aka ƙulla. Mubaya'a daga kalmar sayarwa take. Kwantiragi kuwa ta zo tare da Turawa, kuma ita muke jin ana kiran malaman makarantar da ba a ɗauke su aikin dindindin ba da ita. A cikinsu duka, yarjejeniya ce ta ambaci abin da yake cikin zuciya.

Inda shari'a ta ajiye yarda

A mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta muka tashi, ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ya nuna yarda, ko magana ce, ko ishara, ko miƙa kuɗi a karɓi kaya ba tare da an ce uffan ba. Haka Muhtasar na Shehu Halil ya buɗe babin ciniki da wannan ƙa'ida. Wanda ya taɓa tsayawa a karar dabbobi a Dogon Dutsi ko Matankari ya ga wannan fiƙihu yana tafiya da ƙafafunsa. Mai saye ya taya, mai dabba ya ce "albarka", dillali ya shiga tsakani, a yi ta ja har mai dabba ya ce ya sallama. Kafin wannan kalma babu ciniki. Bayanta kuwa rago ya zama na wani, ko da igiyar tana hannun mai shi na farko.

Ko dokar boko a nan ta tsaya. Kundin dokokin mu'amala da Nijar ta gada daga Faransa ya lissafa sharuɗɗa 4 na ingancin kowace yarjejeniya, na farkonsu shi ne yardar wanda zai ɗauki nauyi, ya kuma ambaci abubuwa 3 da suke ɓata wannan yarda: kuskure da tilas da yaudara. Mu ɗalibai ana karantar da mu wannan da Faransanci a matsayin ilimin zamani, alhali malaminmu na zaure ya riga ya biya mana shi a babin ciniki.

Rubutu fa? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka wanda ya ce a rubuta bai zargi ɗan'uwansa ba, umurnin Allah ya bi. Sai dai takarda shaida ce a kan yarda, tana tsare ta daga mantuwa da mutuwa da gardamar magada. In babu yarda tun farko, babu abin da takarda za ta tsare.

Yarjejeniya biyu a tarihin Arewa

Ƙasarmu ta Arewa ta ga irin yarjejeniya biyu, kuma har yau muna zaune a cikin sakamakon kowace.

Ta farko tarihin baka ne ya riƙe ta. Gubawa su ne suka fara zama a wannan yanki na Dallol Mawri, da Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji. Daga baya wani ɗan sarautar Barno mai suna Ari ya zo, aka haɗa jini tsakaninsa da gidan Baura, kuma zuriyar da ta fito daga nan ita ce Arawa. Sai aka zauna a kan rabon aiki: Gubawa masu ƙasa, Arawa masu sarauta. Babu alƙalami, babu hatimi. Kakanninmu na wancan zamani hasken Musulunci bai game su ba, kuma ba al'adunsu na bauta nake yabo ba. Abin da nake nunawa shi ne zaman da aka gina a kan yardar ɓangare biyu ya rayu ƙarni bayan ƙarni, har yau kowane gida ya san matsayinsa.

Ta biyu a rubuce take, da sa hannu da taswira. Ranar 14 ga Yuni 1898, a birnin Paris, Faransa da Ingila suka raba wannan ƙasa tsakaninsu. Suka bi tsakiyar Dallol Mawri, sannan suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, abin da yake ciki na Ingila, na waje na Faransa. Babu Ba'are ko Bagube ko ɗaya a wurin. A watan Afrilu 1899 rundunar Vule da Shanuwan ta ratso ƙasar, ta yaƙi Lugu ta ƙone ta. Da Faransawa suka ga hanyar da ta rage musu zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi, sai aka sake zama a 1904, aka kuma sake a Landan a 1906, aka matsar da iyaka. Sakamakon haka ne Dogon Dutsi da Tibiri suke Nijar a yau, 'yan'uwanmu na Kangiwa kuma suke jihar Kebbi a Nijeriya, kaka ɗaya, takardun ƙasa biyu.

Littattafan tarihi suna kiran wannan yarjejeniya, kuma tsakanin Turawan biyu haka take. Amma fiƙihu yana da suna ga wanda ya sayar da abin da ba nasa ba: mai shisshigi. A wurin Malikiyya cinikinsa a rataye yake har sai mai abu ya yarda. Masu abu kuwa ba a tambaye su ba.

Kada mu tsaya ga zargin Turawa, 'yan'uwa. Yayan da ya sayar da gonar gado alhali ƙannensa suna cin rani a Legas ko Kwatano, bai shawarce su ba, bai shawarci 'yan'uwansa mata ba, da'irar mil 100 ya zana a cikin gidan ubansa.

Inda ake gwada mu a yau

Wuri na farko shi ne gona. Tun daga dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, an kafa kwamitocin kula da filaye a ƙauyuka da ƙananan hukumomi da gundumomi, kuma suna ba da takardar shaidar saye da kyauta da aro da haya da jingina. Wannan alheri ne, ya kamata muridi ya riga kowa zuwa a rubuta, domin rigimar gona da yawa daga aron da kakanni suka yi da baki take tasowa, bayan shaidu duk sun kwanta dama. Amma mu dubi jingina da idon shari'a. Mutum rumbunsa ya ƙare a tsakiyar bazara, ya zo ya karɓi rancen jikka 50, ya jinginar da gonarsa ta fadama. Mai kuɗi ya noma ta shekara 5, ya ci amfaninta, bashi kuma yana nan bai ragu da dala ba. In ka yi magana ya ce ai da yardarsa aka yi. Malamanmu na Malikiyya ba su halatta wa mai ba da rance ya ci amfanin abin da aka jinginar masa saboda rancen ba, domin rance ne da ya jawo riba. Yardar mutum biyu ba ta halatta abin da Allah Ya haramta. Kuma wanda yunwa ta sa ya ce "na yarda", bakinsa ne ya faɗa.

Wuri na biyu shi ne tsakanin manomi da makiyayi. Burtali yarjejeniya ne, mashaya yarjejeniya ce, ranar sakin gonaki da hukuma take sanarwa bayan girbi ita ma haka. Manomin da yake cin taki ɗaya daga burtali kowace damina ya warware alkawari, makiyayin da ya saki garke kafin a kwashe dammunan hatsi shi ma ya warware. Sau da yawa su biyun suna zama a da'irar wazifa ɗaya, gwiwa da gwiwa a gefen farin ƙyalle.

Wuri na uku shi ne aure. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa Hansa'u 'yar Hizamu, bazawara ce, mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Annabi (S.A.W), ya warware auren. Waliyyi ya ce ya bayar, wakili ya ce ya karɓa, an raba goro, an shafa fatiha. To, ita wadda za ta zauna a ɗakin, an ji ta bakinta?

Wuri na huɗu namu ne mu matasa. Ɗalibi ya karɓi bashi wurin abokinsa a kan in kuɗin tallafin karatu suka fito zai biya, suka fito ya kashe waya. Wani ya karɓi kuɗin aikin gini ko ɗinki ya yi rabi ya ɓace. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Annabi (S.A.W) ya lissafa saɓa alkawari da cin amana a cikin alamomin munafuki, bai keɓe mai carbi ba.

Darasin Hudaibiyya

Cika yarjejeniya in tana maka daɗi ba abin yabo ba ne. Ana gane mutum ne ranar da ta juya masa baya. A watan Zulƙida na shekara ta 6 bayan hijira, wato 628, Annabi (S.A.W) ya fito umra da sahabbai kimanin 1,400, Ƙuraishawa suka tare su a Hudaibiyya. Aka aiki Sayyidina Usmanu cikin Makka, labari ya bazu cewa an kashe shi, sahabbai suka yi wa Annabi mubaya'a a ƙarƙashin itaciya. Allah Ya ba da labarin yardarSa gare su a Suratul Fathi, shi ya sa ake kiran ta Bai'atur Ridwan, mubaya'ar yarda. Tushen kalmarmu ne ya sake bayyana a nan.

Sannan Suhailu ɗan Amru ya zo aka zauna rubuta sulhu na shekara 10. Ya ƙi a rubuta cewa Muhammadu Manzon Allah ne. Sayyidina Aliyu, wanda yake rubutun, ya kasa share wurin, Annabi ya share da hannunsa mai albarka. Aka sa sharaɗin cewa wanda ya gudo daga Makka zuwa Madina za a mayar da shi. Ana cikin haka sai ga Abu Jandal, ɗan Suhailun kansa, ya musulunta, ya tsero yana jan sarƙa a ƙafa, ya faɗi a gaban Musulmi yana neman ceto. Annabi (S.A.W) ya ba shi haƙuri, ya yi masa bushara da mafita daga Allah, ya mayar da shi, domin magana ta riga ta ƙullu. Abin ya yi wa sahabbai nauyi ƙwarai, har Sayyidina Umaru ya kasa ɓoye damuwarsa. Ba a yi shekara 2 ba ɓangaren Ƙuraishawa ne suka warware, da suka taimaki Banu Bakar a kan Huza'a, kuma wannan ne ya buɗe ƙofar cin Makka a shekara ta 8.

Wanda ya fi kowa daraja ya cika wa mushirikai alkawari a ranar da cikawar take ƙona zuciya. Mene ne uzurin wanda ya fasa cinikin wake da ɗan'uwansa Musulmi don farashin tiya ya tashi da dala 20 kafin kasuwa ta gaba?

Yarjejeniyar muridi

Mu mutanen ɗariƙa mun fi kowa kusa da wannan magana, domin da alkawari muka shiga. Ranar da muka zauna gaban muƙaddami, bai miƙa mana wuridi ba sai da ya karanta mana sharuɗɗa: kiyaye salloli biyar a kan lokaci da jam'i gwargwadon iko, biyayya ga iyaye, lazimi safe da yamma, wazifa, zikirin Juma'a, rashin haɗa wannan wuridi da wani, da riƙe shi har mutuwa. Ya tambaye mu ko mun yarda, muka ce mun yarda. Ba a tilasta wa kowa ɗariƙa. Ba a sa hannu a takarda ba, shaidar wannan zama Allah ne.

Bayan wannan akwai alkawarin da ya girme shi. Aya ta 172 a Suratul A'araf ta ba da labarin ranar da Allah Ya fitar da zuriyar Adamu Ya sa suka yi shaida a kan kawunansu cewa Shi ne Ubangijinsu. Sufaye suna ganin duk tafiyar muridi komawa ce ga amsar da ya bayar a wannan rana. Tarbiyya tana tuna masa abin da ya riga ya yarda da shi.

Ita kanta yarda babban matsayi ce a wurin mutanen Allah. Imamu Ƙushairi, wanda ya rasu a shekara ta 465 bayan hijira, ya kawo saɓanin magabata a kanta: mutanen Hurasan suna ganin muƙami ce da bawa yake kaiwa da ƙoƙarinsa, mutanen Iraƙi suna ganin hali ce da Allah Yake saukarwa a zuciya. Sai ya haɗa maganganun biyu, cewa farkonta aikin bawa ne, ƙarshenta kyautar Ubangiji. Alƙur'ani kuma a wurare da dama, kamar ƙarshen Suratul Ma'ida da ƙarshen Suratul Bayyina, ya siffanta bayinSa na gari da yarda ta fuska biyu, Ya yarda da su, sun yarda da Shi. Allah Ya wadata daga bayinSa, ba Ya buƙatar yardar kowa. Falala ce kawai ta sa Ya ambaci tasu kusa da taSa.

Farkon yarda, wanda yake aikin bawa, a ina ake koyonsa? A wurin da aka saba da cika magana. Zuciya ɗaya ce take cewa "na yarda" a gaban muƙaddami, ita ce kuma take cewa "na yarda" a gaban dillali. In ta saba da warwarewa a kasuwa, ba za ta iya riƙewa a zawiya ba. Suratul Ma'ida da umurnin cika ƙulle-ƙullen alkawari ta buɗe, kuma malaman tafsiri sun ce umurnin ya game wanda yake tsakanin bawa da Ubangijinsa da wanda yake tsakanin mutane. A harshenmu tazarar da take tsakanin yarda da yar da kaɗan ce a baki, mutum yakan yarda da safe ya yar da yamma.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka zauna lazimin yammacin yau, ka lissafa abin da yake wuyanka. In akwai bashin da lokacinsa ya wuce, ka je da ƙafarka ka biya ko ka nemi a ƙara maka wa'adi. In akwai gonar jingina a hannunka, ka tambayi malami hukuncin abin da ka ci. In akwai aron gona da aka yi da baki, ku je a rubuta tun shaidu suna raye. In akwai wanda ka karɓi "na yarda" daga bakinsa alhali ka san zuciyarsa ba ta yarda ba, ko ƙane ne ko 'ya ko ɗan ƙodago, ka koma ka tambaye shi tsakani da Allah.

Ya Allah, Ka sa mu cikin masu cika alkawari in sun ɗauka. Ka yarda da mu, Ka sanya mana yarda da hukuncinKa. Ka zaunar da ƙasar Arewa da Nijar da sauran ƙasashen Musulmi lafiya, Ka ba mu damina mai albarka, Ka daidaita tsakanin manomanmu da makiyayanmu. Ka tabbatar da mu a kan abin da muka karɓa daga hannun shehunnanmu har ranar da za mu haɗu da Kai, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W). Amin.